Jakunkunan barcin da sunka fito cikin dilar Yaya

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Daren jiya Yaya ya fasa dilar gwanjon da ya sawo Kano da sunan barguna da rigunan sanyi, can ƙasa sai ga wasu abubuwa guda tara a nannaɗe an danne su sun yi tauri kamar gammo. Ya aiko yaro ya kira ni. Ina shiga shago ya ce "Malam taho ka gane mani abin ga, bargo ne ko buhu?" Na ce jakar barci ce Yaya, irin wadda masu hawan duwatsu ke shiga ciki su ja zif. Ya ce to ai shikenan, mu aza su kan sikeli, mai nauyi ita ce mai tsada.

Nan ne munka fara musu. Ni dai aikina koyar da kimiyya a sakandare nan Argungu, ban taɓa sayar da ko safa ba, amma na san nauyi ba shi ke kawo ɗumi ba. Da na duba guda huɗu audugar roba ce a ciki, waɗannan ba ruwana da su. Sauran biyar kuwa in ka matsa sai ka ji hannunka ya nutse kamar babu komai, ka saki su riƙa tasowa a hankali, wato lallausan gashin nan ne na ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda ke ƙarƙashin manyan gashin, ba shi da tsinke a tsakiya. Biyu kawai ke da lebul da ake iya karantawa, ukun sun koɗe ko an yanke.

Masu saye kuma akwai su. Yanzu ne ake shiga noman rani gadan-gadan, mutane na kwana fadama gadin injin ban-ruwa, ga masunta, ga direbobin da ke kwana tasha. Tambayar da kowa zai yi guda ce, wanne ne zai tare mani ɗarin ga? Na ce wa Yaya ya ba ni wata guda kada ya sayar da ko ɗaya cikin biyar ɗin, zan auna su. Ya ce "wata guda? ai sanyin ya wuce." Munka daidaita a kan sati uku, na san dai zan wuce. Na sa masu suna da launinsu don kada in rikice: Ja, Shuɗiya, Koriya, Baƙa, da Ɗorawa.

Talata, 10 ga Disamba

Kwana biyu ina fama da lebul ɗin Ja. An rubuta EN 13537, sai lambobi uku na digirin sanyi, −1 da −7 da −24, sai 90/10, sai 700, sai giram 500. EN ɗin nan ƙa'idar Turai ce ta gwada jakar barci, daga baya a 2016 anka maye gurbinta da ISO 23537, kenan Ja ta kwana biyu a duniya. Yadda suke gwajin ya burge ni ƙwarai, mutum-mutumi ne mai hita a jiki ake sa wa kayan barci a cusa shi cikin jakar a kwantar kan shimfiɗa cikin ɗaki mai sanyi, sai a ga wutar lantarki nawa yake sha kafin fatarsa ta tsaya da ɗuminta. In ya sha wuta kaɗan, jakar ta tare zafi kenan.

Lamba ta farko ita ce sanyin da mace za ta yi barci a miƙe cikin jin daɗi, sun ɗauki mace 'yar shekara 25 mai kilo 60. Ta biyu ta namiji ce mai kilo 70, zai yi awa 8 amma a ƙudundune. Ta ukun ba ta barci ba ce sam, ma'anarta macen nan za ta yi awa 6 tana rawar ɗari ba ta mutu ba, shikenan. Yaya da ya ga 24 ɗin ya ce ita za mu riƙa faɗa wa mutane tunda ita ce babba, na ce Yaya wannan lambar ta tsira da rai ce, in ka sayar da kaya a kanta ka ci haƙƙi. Ya ce "kai dai da wa'azi."

90/10 kuma kashi 90 lallausan gashi, 10 ƙananan gashi masu tsinke. Shi 700 ɗin ƙarfin kumbura ne, oza ɗaya wato giram 28 da ɗoriya in ya kumbura zai cika inci-kubik 700, na juya shi ya ba ni wajen lita 11 da rabi. Ka ji fa, gashin da bai kai nauyin ƙwai ɗaya ba ya cika bokiti. Shuɗiya an rubuta 10 da 6, na agwagwa ne 80/20. Koriya an yanke komai sai 50/50 da ya rage a gefe, ita ce Yaya ke ji da ita don ta fi kowa nauyi.

Asabar, 14 ga Disamba

Yau awon kauri. Na shimfiɗa kowacce kan tabarma na ja zif, na aza kwali marar nauyi a kai, na auna daga ƙasa zuwa kwalin da rula a wuri uku, ƙirji da gwiwa da ƙafa, sai in raba biyu tunda rabin saman ne ke rufe mutum. Ranar da sunka fito dila Ja ba ta wuce santimita 3 da rabi ba. Kwana bakwai ina kaɗa su ina shanyawa da hantsi, ga abin da na samu yau:

Ja, giram 1,050, santimita 5. Ɗorawa, giram 980, santimita 4. Koriya, giram 1,900, santimita 3 da rabi. Shuɗiya, giram 750, santimita 3. Baƙa, giram 1,100, ko 2 ba ta cika ba, gashin ya dunƙule kamar curin fura kuma tana warin ruma.

Na nuna wa Yaya, Koriya ta kusa ninka Ja a nauyi amma Ja ta fi ta kauri. Ya yi shiru, can ya ce mai saye dai ɗagawa zai yi ya ji nauyi.

Abin da ke tare sanyi ba gashin ba ne, iskar da gashin ya riƙe ce ya hana ta yawo. Iska in ta tsaya cik zafi ba ya ratsa ta da sauƙi, lambarta a awon ratsawar zafi 0.026 ce, ruwa kuwa wajen 0.6, ya ninka ta fiye da sau 20, shi ya sa jiƙaƙƙiyar jaka ba ta da amfani. To sai na zauna na yi lissafi irin na aji. Mai barci jikinsa na fitar da wajen wat 40 a kowace murabba'in mita ta fata, babban mutum gaba ɗaya kamar wat 70 zuwa 75, kamar tsohon ƙwan lantarki. Fata digiri 33. In dare ya sauka 13, tazara 20 kenan, raba da 40 ya ba da 0.5, wanda masu bargo a Ingila za su ce tog 5, tog ɗin awo ne da anka ƙirƙiro a Mancesta, goma daga cikinsa ne ɗaya a lissafinmu. Na ɗauki 0.04 a matsayin lambar gashin tunda ba zai kai tsayayyar iska ba, na ninka, ya fito santimita 2. Santimita 2 kacal don ɗarin Argungu.

Akwai kuma tsohon teburin sojan Amurka da masu harkar ke yawan kawowa: inci 1 da rabi don digiri 4, inci 2 don −7, inci 2 da rabi don −18. Wani Ba'amurke matafiyin daji, Ray Jardine, ya yi suna da sauƙaƙa shi, 100 ka cire 40 sau inci a ma'aunin Faranhait. Na juya shi zuwa namu, kusan 38 ka cire 9 sau santimita. Da na saka Ja ciki ya ba ni −7, na yi murna wai ya yi daidai da lebul, sai daga baya na tuna ai Ja ba ta gama tasowa ba tukuna. Da sauran rina a kaba.

Alhamis, 19 ga Disamba

An ba da hutu, na samu lokaci. Dabarar da na yi, tunda ba ni da mutum-mutumi mai hita, jarka ce ta lita 5 in cika da ruwa mai digiri 50 in sa cikin jaka in ja zif da ƙarfe 10 na dare, in auna ƙarfe 6 na safe.

Daren farko na yi wauta, tamomitan zazzaɓin yara na ɗauko, shi kuwa daga 35 zuwa 42 yake karantawa, ban san ma inda na fara ba. Washegari na aro dogon nan na ɗakin gwaji mai kaiwa 110. Dare na biyu na jera jarkoki uku a zaure, da safe Ja 36, Koriya 35, Shuɗiya 34. Abin ya ɗaure mani kai, ya za a yi duk su zo kusan ɗaya? Ina tsugune ina kallo uwargida ta zo wucewa da tsintsiya ta ce "Malam ai kan siminti ka aje su, ko tuwo ka aje nan sai ya huce." Na ɗaga jarkar na taɓa ƙasan, simintin har ya yi ɗumi. Nauyin ruwan ya danne gashin ƙasa ya zama kamar takarda, zafin duk ta nan ya bi. Shekara nawa ina koyar da wannan a allo.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na yanko tsohuwar katifar soso na jera su a kai, na ƙara jarkoki har sunka kai bakwai, maƙwabta sun ɗauka kunun sadaka za a yi. Sai da na yi dare biyu don in tabbatar, bambancin bai wuce digiri ɗaya ba. Zauren yana tsakanin 20 da farkon dare zuwa 16 da asuba.

Jarkar da ba a rufe ba 22. Wadda na naɗe da babban bargon nan mai zanen damisa da kowace amarya ke zuwa da shi, 32. Baƙa 35. Shuɗiya 37 da rabi. Koriya 39. Ɗorawa 40. Ja 42.

Bargon ya fi kilo 3 fa, Shuɗiya da ba ta kai kilo ɗaya ba ta wuce shi da digiri 5 da rabi. Wannan shi na kai wa Yaya da safe, ya sa yatsa cikin jarkokin biyu da kansa, ya ce "ikon Allah." Gani ya kori ji.

Wani abu da na lura game da Shuɗiya, ɗinkinta irin na rigar sanyi ne, an haɗe yadin sama da na ƙasa an bi da keke, to a kan layin ɗinkin kaurin sifili ne, in ka ɗaga ta a rana kana ganin haske layi-layi. Ja da Ɗorawa kuwa akwai siririn yadi a tsaye tsakanin sama da ƙasa, kamar ɗakuna aka yi wa gashin, babu inda sama ta taɓa ƙasa. Wani tela maƙwabcin shagon Yaya ya juya Ja ya fi minti goma yana kallo, ya ce wannan aikin in shi ne sai ya yi sati.

Jarka dai ba mutum ba ce, ba ta numfashi ba ta juyi ba ta gumi, kuma ba ta da kai da zai leƙo waje. Abin da take ba ni shi ne wa ya fi wa, ba digiri nawa ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Wanki. Sati ukun Yaya sun cika jiya, ya zo karɓa ya tarar da su cikin baho. Ban san abin da ya ce a ransa ba amma a fili "to madalla" ya ce.

Ba a wanke su da garin sabulu, yana cire ɗan man da ke jikin gashin sai ya riƙa karyewa. Sabulun wankan jarirai na ruwa munka sa kaɗan, ruwa mai ɗumi-ɗumi, dannawa kawai ba cuɗa ba matsa, ɗauraya har sau biyar. Ruwan farko na Koriya kamar na kududdufi. In ta jiƙe kuma ba a ɗaga ta da gefe ɗaya, nauyin ruwan na iya yaga 'yan ɗakunan ciki, rungumo ta ake yi kamar jinjiri. A Turai injin busarwa suke sawa da ƙwallon tanis ya riƙa dukan dunƙulen, mu nan hunturu ne injinmu, iskar da ke fasa mana leɓe da diddige kwana biyu ta busar da su ƙarau. Uwargida da yara sunka zauna suna warware dunƙulen da yatsa ta bayan yadi, na yi alkawarin tsire. Matsalar kawai ƙura, sai da na rufa masu tsohon gidan sauro.

Baƙa ba ta tashi ba ko bayan wanki, don haka na sadaukar da ita. Na farke ɗinki ɗaya na ciro giram 10, da ɗan sikelin masu sayar da zinari na auna, na zuba cikin robar da ake gani ta ciki na kaɗa na aza zagayayyen kwali a kai. Lita 2.6, in ka juya ƙarfin kumburarsa wajen 450 kenan, ya mutu murus idan aka kwatanta da 700. Kada wanda ya gwada wannan a ɗaki da fanka a kunne, har cikin miya munka tsince shi.

Don son sani na farke tsohon matashin Inna na ciro audugar rimi giram 10 ita ma, na shaƙe ta da kyau, ta ba ni lita ɗaya da rabi. Ba laifi wallahi ga abin da ke faɗowa kyauta daga itace, amma in ka danne ta ba ta dawowa kamar gashin, shi ya sa matashin rimi ke zama kamar dutse in ya tsufa. Inna ta ce in dai gashin agwagwa ne abin tsada to ga nata nan guda shida a bayan gida, sai dai kada in kuskura in taɓa su da rai.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ja yanzu santimita 6.2, Ɗorawa 5, Koriya 4, Shuɗiya tana nan 3 don ɗinkin ba zai bar ta ta wuce haka ba.

Na gwada Ja ta wata hanya. Gashi giram 500 mai ƙarfin 700 ya kamata ya cika lita 202. Na auna yadin da tef ɗin tela, tsawo mita 2, kewaye ya fi faɗi a kafaɗa ya tsuke a ƙafa, da hular duka kamar murabba'in mita 2.8. In ka raba ya ba da santimita 7.2, ni kuma na samu 6.2. Ga tsufa ga zaman dila, ai ta yi ƙoƙari.

Yanzu in na saka 6.2 cikin lissafin sojan nan sai ya ce −18, alhali lebul ya ce −7 ga namiji a ƙudundune, −1 ga barcin daɗi. Tazarar ta yi yawa. Ni a ganina lissafin na matasa ne majiya ƙarfi da sunka ci sunka ƙoshi, kuma bai damu da zafin da ke fita ta fuska da numfashi da zif da ƙasa ba, nawa lissafin na aji ma haka. Sai na bar su na koma kan lebul biyun da nake da su, santimita 3 ta ba da 10, santimita 6.2 ta ba da −1, na ja layi tsakaninsu: 20 ka cire 3 da rabi sau santimita. Koriya ta fito 6, Ɗorawa 2 da rabi, kuma jerin ya yi daidai da na jarka. Abin dariya in ka saka santimita 2 ya ba da 13, daidai da abin da na samu ranar 14 ga Disamba. Layi da ɗigo biyu dai, ɗalibina ya kawo mani haka sai na rage masa maki, amma shi ke hannu.

Lahadi, 12 ga Janairu

Jiya munka kwana fadama ni da ƙanena, gonar wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu, can ƙasa da Matan Fada. Kwana biyun nan ɗari ya sauko sosai, ga hazo ko wata ba a gani da kyau. Na rataye tamomita jikin bukka: ƙarfe 10 digiri 19, ƙarfe 2 digiri 15, kafin kiran assalatu 13.

Na tafi da uku da niyyar Baba ya shiga Ɗorawa. Na shimfiɗa na shiga Ja don in nuna masa, na ja zif har wuya na ɗaure hular sai hanci, ya haska ni da tocila ya ce "Subhanallahi, ɗana wanga ai likkahwani na, hito maza." Na ce Baba ɗumi gare ta. Ya ce shi bai shiga abin da anka ɗinke kai da ƙafa da ransa ba, sannan ya kawo maganar da ta fi wannan ƙarfi, ya ce in ɓarayin inji sunka zo cikin dare kai kana neman kan zif su sun kai hanya, ko maciji ya riga ka shiga. Ban da amsa. Ni duk lissafina ban taɓa tunanin mai gadi ba barci ya zo yi ba. A ƙarshe na buɗe masa zif ɗin gaba ɗaya ya lulluɓa kamar bargo ƙafafunsa cikin aljihun ƙasa, da safe ya ce "abin ga ba shi da nauyi amma shina da zahi awa rana."

Ni cikin Ja kafin sha biyu na jiƙe da gumi, na buɗe zif rabi, can na fitar da ƙafa ɗaya, sauro kuma ya samu. Jakar −1 a daren 13, ai kamar ka sa babbar riga uku ka tafi kasuwa. Ƙanena kuwa cikin Shuɗiya da lissafi ya ce za ta kai 10, ƙarfe 3 ya tashe ni yana cewa "Yaya Malam lissafinka ƙarya ne." Na ce ina ke maka sanyi? Ya ce kwankwaso da kafaɗa, gefen da ke ƙasa, saman lafiya lau. Tabarma ɗaya ce tsakaninsa da ƙasar fadama mai laima. Maganar simintin uwargida ce ta dawo, sai na tuna ai shi ma mutum-mutumin Turawan kan shimfiɗa ake kwantar da shi, lambar lebul da shimfiɗar aka yi ta.

Raɓa ma ta sauka, bayan jakunkunan ya yi damshi, sai da na shanya su da hantsi. Kuma tartsatsi ɗaya daga wutar da munka hura ya huda Ja kusa da ƙafa, yadin nailan ne narkewa yake nan take, na liƙe da filasta. Ban gaya wa Yaya ba tukuna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun koma, wannan karon da buhun buntun shinkafa biyu da ba a cika su tim ba, na baje su na aza kwali na aza tabarma. Asuba ta nuna 14, kusan ɗaya da wancan satin. Ƙanena cikin Shuɗiyar nan dai, sai da Baba ya zungure shi da sanda ya tashi salla. Buntun da ake zubarwa bayan injin casa ana rasa yadda za a yi da shi, shi ya gyara abin da jakar Turai ta kasa.

Ni na gwada Koriya. Ɗumi ya isa har ya yi yawa, sai dai tsinken gashin na hudo yadin yana sukar wuya, kuma in ka motsa tana ƙara kamar buhun siminti. Hamsin-hamsin kenan.

Abin da na rubuta wa Yaya a bayan kwali: Shuɗiya ta ishi fadama in da abu a ƙasa. Koriya ta direba ce da ba ruwansa da nauyi. Ɗorawa da Ja sun fi ƙarfin garin ga, a nemi mai tafiya Jos ko Mambila, ko masu bin hanyar Agadas inda dare ke sauka kusa da sifili a irin wannan lokaci. Kuma duk wanda ya saya a ce masa kada ya kusanci wuta da ita.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Koriya ta tafi tun ranar farko, wani mai tirela ya ɗaga ya ji nauyi ya biya ko ragi bai nema ba, Yaya ya kira ni musamman don ya gaya mani. Shuɗiya ƙanena ya hana a sayar, yana biya kaɗan-kaɗan. Ɗorawa Baba ya aiko jikansa da kuɗi, amma ya ce a kai wa tela ya cire hular. Na so in yi musu don hular na tare zafi mai yawa, na dai yi shiru, telan ya cire ya ba ni gashin cikin leda, giram 40 da 'yan kai.

Yaya ya gano filastar jikin Ja. Ya ce tunda ni na ƙona ni zan saya.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Sanyi ya tafi, jiya da fanka munka kwana, ga azumi saura kwanaki. Ja tana gidana, ban mayar da ita cikin ɗan buhunta ba don dannewar watanni ce ke kashe gashin, na sa ta cikin tsohuwar rigar katifa a sake na rataye a rufin ɗaki inda ɓera ba zai kai ba. Abin da nake tsoro damina, watan Agusta komai na ɗakin nan ruma yake yi, sai na riƙa fito da ita duk ranar da rana ta buɗe. Na rubuta 6.2 a bango da alli, in Allah ya kai mu Nuwamba zan sake aunawa in gani.

Gashin Baƙa da na hular Ɗorawa suna cikin leda, telan ya ce zai gwada ɗinka ɗan bargo mai ɗakuna, rabi gashi rabi audugar rimi, in na kawo yadin da gashi ba ya hudowa. Na zaga kasuwa sau biyu ban samu ba, wanda na gwada hurawa da baki duk iska na wucewa fuu. Yaya zai koma Kano bayan salla, na yanko masa ƙyallen Baƙa ya tafi da shi ya nuna a Kwari.